Sutudiyon da na yi kundina a Zoo Road, da ruwan saman da aka goge min

Wata bakwai na yi ina sintiri zuwa wani sutudiyo a Zoo Road, nan Kano, ina haɗa kundin waƙoƙina na farko. Waƙa tara ce, duka labari ɗaya: saurayi ya bar ƙauye bayan girbi, ya tafi ci-rani Legas yana tura kurar ruwa a Agege, sai da damina ta faɗi ya dawo gida. Ba kamfanin da ya tsaya min, da kuɗin ɗinkina na yi komai.

Gaskiya furodusan ya iya aiki. Kunnensa kaifi ne da shi. Ranar farko da na ce ba na son kiɗan fiyanon nan da kowa ke yi, kalangu da gurmi da sarewa nake so a buga da hannu, bai yi min kallon mahaukaci ba. Har shi ya ba ni shawarar ƙarshen kowace waƙa ya shiga farkon ta gaba, mai saurare ya ji tafiyar ba ta yanke ba. Har waƙa ta biyar ina faɗa wa abokai cewa na dace.

Sai waƙa ta shida, wadda uwa ke jiran ɗanta a ƙofar gida. Ita ce zuciyar kundin. Na ɗauko wani dattijo mai gurmi daga ƙauyenmu, na biya masa mota, ya kwana a gidanmu. Bayan isha'i muka shiga. Yana cikin kaɗawa sai ruwa ya tsuge, ƙarar kwanon rufi ta ratso soson bango ta shiga makirufo. Furodusa ya ɗaga hannu zai tsayar, na ce a bari. Baba mai gurmi ya rufe ido, ya sassauta tsirkiya, ya bi ruwan da kiɗa kamar da shi suka yi alkawari. Ni kuwa da na zo baitin da uwar ke cewa gero ya tsiro ɗanta bai zo ba, muryata ta karye. Sau ɗaya muka ɗauka. Na ce masa, "Oga, don Allah kada ka taɓa wannan, haka nake so." Ya ce, "An gama, Malam."

Bayan mako biyu na je sauraro. Babu ruwa. Ya bi da manhajar cire hayaniya ya kankare shi, gurmin ya koma kamar ana kaɗa shi a cikin randa. Inda muryata ta karye kuma ya ɗora Auto-Tune, manhajar gyara murya, ya miƙar da ita sumul. Na ce a dawo min da ta asali. Ya daɗe yana lalube a FL Studio, manhajar da yake haɗa kiɗa da ita, sannan ya ce kwamfutar ce ta cika, ya rage kaya. "Ai Malam, wannan ta fi tsafta, ita za ta shiga kasuwa." Wallahi sai da na fita waje na zauna a kan benci, don kada in faɗi abin da zan yi nadama. Baba yanzu ƙafa ta hana shi tafiya, kuma ko ya zo, wa zai kira min ruwan daren nan?

Ya dai ba da haƙuri, ya ƙara min kwana biyu kyauta, ya nemo sautin ruwa a intanet ya ɗora. Wanda bai sani ba zai ce ya yi kyau. Sauran waƙoƙi takwas kuwa, musamman ta dawowa gida mai kalangu biyu, ko a sipikar Keke Napep suna fita raɗau. Saboda su na so in ce ku je sutudiyon.

Amma da na nemi ya ba ni kowane sauti daban a filas, murya daban, kiɗa daban, sai ya ce wannan wani kuɗin ne, alhali ba mu yi haka da shi ba tun farko. Na biya, don bayan abin da ya faru ba zan bar aikina ya kwana a kwamfutarsa ba. Kundin yana Audiomack, manhajar sauraren waƙa, yanzu, mutane suna ta yabon ta shida. Ni har yau idan ta zo tsallake ta nake yi.