Waya ko jakar wasa, wanne ya fi riƙe yara a doguwar tafiyar mota?

'Yar'uwa da kika ce za ku yi tafiyar kusan awa tara a mota da yara uku, mai shekara biyu da mai biyar da mai tara, kina tambaya ko ki cika waya da tab da kartun ki miƙa musu ki huta, ko kuwa ki haɗa wa kowa 'yar jakarsa ta kayan wasa kamar yadda wasu suka ba ki shawara, to bari in faɗa miki abin da na gani, don duka biyun na gwada su a kan nawa yaran kuma ba sau ɗaya ba.

Waya dai tana aiki, kada wani ya ce miki ba ta yi. Kina miƙa ta motar za ta yi tsit kamar ruwa ya cinye su, mai tuƙi ya samu natsuwa ke ma ki ɗan runtsa, ga shi ba ta cin wuri ba ta zubewa a ƙasa. Amma shirun nata bashi ne, daga baya ake biya. Babbar matsalarta amai. Idon yaro yana kafe a kan allon da ba ya motsi, yana gaya wa ƙwaƙwalwa ai a zaune muke, can cikin kunne kuma inda jiki yake auna daidaitonsa ana jin kwana ana jin gargada ana jin birki, to wannan saɓanin ne yake kawo jiri da tashin zuciya, kuma ya fi kama yara daga shekara 2 zuwa 12, kin ga duka naki ukun suna ciki kenan. Tawa ta tsakiya lokacin tana shekara biyar haka ta yi mini, ba mu yi awa ɗaya da tashi ba na ga ta daina dariyar kartun ɗin, fuskarta ta yi fayau, zufa ta tsattsafo mata a goshi tana ta hamma tana haɗiyar yawu, ni a zatona barci ne, kafin Abbansu ya samu wurin fakawa ta wanke kujera da ƙafar yayanta, ga kayan canjin suna can ƙasan but an danne su da akwatuna. Ranar na san waɗannan alamomin, yanzu da na ga hamma da zufa tare nake cewa a ajiye waya a sauke gilashi a kalli gaba.

Sai kuma rigimar ƙarshe. Caji ya ƙare ko netwok ya ɗauke ko a fara ai ni ne yanzu ai ya fi ni daɗewa, kuma yaron da ya yi awa uku yana kallo in kika karɓe wayar ba ya komawa kan littafin zane, komai ya zame masa lami. Ga ƙaramin naki ma, Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarar da ta fitar a 2019 cewa ta yi ɗan shekara 2 zuwa 4 kada zaman kallon allo ya wuce masa awa ɗaya a yini, in ya gaza haka ma ya fi. Na san ranar tafiya ba kamar kullum ba ce, ni ma nakan ɗan sassauta, amma awa tara ta yi nisa da awa ɗaya.

Ita kuwa jaka wahalarta a gaba take, daren jajibirin tafiya za ki zauna ki haɗa. Kowa tasa, kala daban, ba aron juna sai da yardar mai ita, wannan kaɗai yana kashe rabin faɗan. Babban ki sa masa littafin da yake so da takarda da biro da 'yar tocila, na tsakiya littafin sitika da na shafa kala da ƙananan motoci ko 'yar tsana, ƙaramin kuma abubuwa manya masu laushi waɗanda ba za su shige baki ba, da bargonsa ko abin da ya saba rungumewa in zai yi barci. Abin da na koya a nan shi ne kada ki ba su komai gaba ɗaya, in kika yi haka minti ashirin sun gama da jakar sun dawo kanki. Ki riƙe wasu a wurinki ki naɗe su a takarda, duk bayan awa ɗaya ki fito da guda, ko tsohon abin wasan da suka manta da shi ne in dai an naɗe sai ya koma sabo, warwarewar ma kanta tana cin minti biyar.

Amma fa jaka ma tana da nata. Abu yana faɗuwa ƙarƙashin kujera yaro ya kwance bel zai ɗauko mota tana gudu, wannan ya fi komai tayar mini da hankali, shi ya sa dokar motarmu abin da ya faɗi ya faɗi sai an tsaya. Faranti mai ɗan baki a kan cinya yana rage zubewar. Kalar kakin nan tana narkewa in aka bar ta a rana ta ɓata kujera, fensir mai tsini kuma ba na so saboda birkin gaggawa. Sannan kada ki ɗauka littafi ya tsira daga amai, karatu da zane su ma sunkuyar da kai ne, yaro mai saurin jiri za su tayar masa da zuciya kamar yadda waya take yi.

Wannan ne ya sa abin da ya fi mini duka biyun amfani a tsakiyar tafiya shi ne abin da ake ji da kunne ido yana waje. Labari a lasifikar mota, waƙoƙin da suka haddace, ki fara labari kowa ya ƙara jimla ɗaya, a ƙirga jajayen motoci, wa zai fara hango gada, babban ya riƙa haɗa lambobin motar da ke gabanku. Ba caji ba zubewa, kuma ku duka kuna ciki. Mai saurin jirin ki zaunar da shi inda zai riƙa hango titi ta gilashin gaba, kujerar tsakiya ta baya in tana da cikakken bel, kin ga ya kuma raba biyun da suka fi faɗa.

Da waya da jaka babu wadda za ta maye tsayawa. Ƙa'idar tuƙi ta Birtaniya ma tana ba direba shawarar hutun aƙalla minti 15 duk bayan awa biyu, to in babba yana buƙata ina ga ɗan shekara biyu da aka ɗaure a kujerarsa. A tsaya nesa da bakin titi, kowa ya zaga ko ya ce ba ya ji, su yi tsalle su yi gudu, a zubar da ledar shara a sa sabuwa. Kuma don Allah ko barci yake kada a bar yaro a mota a kulle da sunan yanzu za mu dawo, jikin yaro yana saurin ɗaukar zafi ninki uku zuwa biyar fiye da na babba, cikin mota kuwa 'yan mintoci ya isa ya zama tanda.

In ni ce ke, awannin farko jaka da hira, tsakiya labari da barci, waya kuma in ɓoye ta sai awa biyun ƙarshe lokacin da kowa ya gaji haƙuri ya ƙare, a nan ne take da rana. Ki sauke kartun ɗin tun a gida kada ki dogara da data, ki maƙala tab ɗin a bayan kujerar gaba daidai idonsu don kada su sunkuya kuma kada ya yi tsalle in an taka birki, in da iyafis ki rage ƙarar da kanki, ki kuma faɗa musu tun kafin a kunna cewa guda biyu za a kalla a kashe.

Tambayar nan ta Mama saura nawa mu isa kuwa, ki rubuta wa mai shekara taran sunayen garuruwan da za ku wuce a takarda ki ba shi biro, duk wanda aka wuce ya soke, ƙannen sai su koma tambayarsa. Kayan canji kala ɗaya na kowa da tishu da ruwa da leda biyu uku kuma su zauna a ƙarƙashin ƙafarki, ba a but ba. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.