Zauren sulhun wani tsohon alƙalin ɗaukaka ƙara a Katsina: abin da na gani

Rigimar gonar da mahaifinmu ya bari a hanyar Jibiya ta shekara biyu tana cin zumuncin gidanmu, kafin wani maƙwabci ya nuna mana zauren sulhun da wani tsohon alƙalin kotun ɗaukaka ƙara ya buɗe a gidansa cikin birnin Katsina bayan ya yi ritaya. Ana zama Asabar da Lahadi daga hantsi zuwa azahar, kuma ba a karɓar ko kwabo, sai kuɗin buga takardar yarjejeniya idan an daidaita.

Bai yarda ya saurari kowa ba sai da muka kawo kwafin shari'ar da aka yi a kotun farko, wadda ta bai wa yayanmu gonar bisa da'awar cewa kyauta mahaifinmu ya yi masa. A nan na gane amfanin aikin da ya yi a baya, domin alƙalin ɗaukaka ƙara galibi ba ya ganin shaidu, abin da aka rubuta yake bi layi-layi har ya gano inda hukunci ya karkace. Ya gyara tabarau, ya ɗora yatsa a kan wani layi, sannan ya dubi yayanmu ya ce, "Ɗana, ka taɓa noma gonar nan da sunanka mahaifinku yana raye?" Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, Baba ne yake noma ta har ya kwanta ciwon ajali." Sai ya bayyana masa cikin taushin murya cewa a mazhabar Malikiyya kyautar da ba a yi hauzinta ba, wato wanda aka ba bai karɓe ta a hannunsa ba, kafin mai kyautar ya rasu tana komawa cikin gado, kuma shaidar da ɗan yayan namu ya ba shi a kotu ba ta karɓuwa, don ɗa ba ya yi wa uba shaida. Ya lissafa masa matakan da ke gabansa, daga Babbar Kotun Shari'a zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, har ta tarayya inda alƙalai uku ke zama, ya ce kuɗin lauya da na mota za su cinye gonar kafin a kai ƙarshe. A zama na biyu aka fitar wa mahaifiyarmu tumuninta, wato kashi ɗaya cikin takwas, aka raba saura, namiji rabon mata biyu.

Katsinawa ba baƙin irin wannan hidima ba ne. Marigayi Mai Shari'a Mamman Nasir ya shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara daga 1978 zuwa 1992, sannan ya koma Malumfashi a matsayin Galadiman Katsina, yana sauraron talakawa har rasuwarsa a 2019, kuma wannan zaure ya tuna mini da shi ƙwarai.

Sai dai akwai gyara, kuma ina faɗarsa ne don ina son zauren ya ɗore. Ba a ba da lamba, saboda haka wanda ya zo da sassafe yana iya ganin an shigar da na bayansa. Mata ba su da wurin zama na kansu. Ƙannena biyu a kan tabarma suka jira a waje cikin rana, alhali su ma magada ne. Magatakarda ɗaya ne tak, har takardarmu ta yi mako uku ba ta fito ba, kuma shi kansa mai zauren ya gargaɗe mu cewa sai mun kai ta kotu an tabbatar da ita kafin ta zama hukuncin da za a iya tilastawa.

Duk mai niyyar zuwa ya riƙo kwafin shari'arsa, ya kuma taho da dukkan magada, domin ba ya zama idan ɗaya ya rage. Mu dai an auna mana gonar a gaban mai unguwa kafin saukar damina, kuma yayanmu ne da kansa ya riƙe bakin igiya.