Babbar kyamara ko 'yar aljihu: abin da na gani da idona a Kumasi

Ranar sunan ɗan ƙanwata a Aboabo na fara sanin iyakar 'yar kyamarar da nake taƙama da ita. An raɗa suna bayan asuba, maza suka watse, ni kuma na shiga ɗakin mai jego. Taga ɗaya ce a ɗakin, ita ma da labule, ga shi an ɗauke wuta. Kakarmu ta karɓi jinjirin ta ɗora a cinya tana tofa masa addu'a, na tsuguna na ɗauki hoto ya fi ashirin. A jikin kyamara duk sun yi kyau. Sai da dare da na zuba su a kwamfuta na ga fuskar tsohuwa kamar an yayyafa mata tsaki, hannunta da ya ɗan motsa ya koma hayaƙi. Guda biyun da na kunna wa filasha kuwa, goshinta ya yi fari fat, bayanta baƙi ƙirin kamar bakin rijiya, jinjirin kuma ya tsala ihu har aka kore ni.

Kyamarar Panasonic Lumix TZ95 ce, tsarabar ɗan kawuna daga Jamus. Nauyinta bai cika giram 330 ba, tana shiga aljihun kaftani ba tare da ta ja shi ƙasa ba, kuma tana zuƙo abu ninki 30, daga milimita 24 zuwa 720 a lissafin masu hoto. Shekara guda na yi ina yawo da ita kafin na sayi babbar kyamara, Sony A7 III, ta hannu a wurin wani mai hoton biki a Adum da ya canza sabuwa. Wata takwas na yi ina riƙe da su biyu, kuma samarin unguwa sun dame ni da tambayar wacce za su saya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Abin da ya faru a ɗakin nan ba laifin kamfani ba ne, kowace 'yar aljihu mai dogon zuƙo haka za ta yi. A cikin kowace kyamara akwai wani ɗan faranti da haske ke sauka a kansa, sensa ake ce masa. Na babbar, wadda ake kira ful-firem, milimita 36 ne a 24, daidai girman fim ɗin da masu hoton da suke sakawa. Na ƙaramar kuwa wajen milimita 6 ne a 4 da rabi, bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. In ka buga lissafi, faɗin babban ya ninka ƙaramin kusan sau 30. Kamar mutum biyu ne suka fita tarar ruwan sama, ɗaya da baho ɗaya da gwangwanin madara. In ana sheƙa ruwa kowa zai cika nasa. In yayyafi ake yi, mai gwangwani sai dai ya koma da laima a gindin gwangwani. Saboda haka kada mai shago ya ruɗe ka da zancen megafiksel, wato yawan 'yan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto. Ƙaramar tana da 20, babbar tana da 24, a takarda kamar wa da ƙani, amma bayan magariba ko hanya ba su haɗa ba.

Wannan ƙanƙantar ita ce kuma sirrin zuƙon. Ainihin lensin ƙaramar daga milimita 4.3 yake zuwa 129, amma da yake farantin ɗan mitsitsi ne, abin da yake gani daidai yake da na milimita 720 a babbar. Kafin babbar ta hango abin da ƙaramar ke hangowa sai ka ɗaura mata irin lensin Sony mai 200 zuwa 600, wanda ya haura kilo biyu, kuɗinsa kuma ya isa wata kyamarar. Ko da shi ma ba ka kai 720 ba.

Bari in ba ƙaramar haƙƙinta, don ta yi mini abin da har yau babbar ba ta yi ba. Na je Akwasidae a fadar Manhyia, bikin da ake yi duk bayan mako shida ranar Lahadi. Irinmu da ba kowa ba can baya muke tsayawa, tsakaninka da sarkin Asante, Otumfuo Osei Tutu II, akwai sarakuna da laimominsu da makaɗa da 'yan jarida. Na ɗaga hannu sama da kan mutane, na zuƙo har ƙarshe. Na dawo gida da hoton zinaren da ke hannun sarki da kan sandar mai magana da yawunsa, ana ganin sassaƙar da ke jikinta. Wani da ke kusa da ni ya ɗauka da waya, da ya buɗe hoton sai laima ja da ɗigon mutane. Haka a tafkin Bosomtwe, daga bakin ruwa a Abono na kamo masunci a zaune kan gungumen katakonsa yana tuƙi da hannu, har ana ganin ruwa na ɗiga daga gwiwar hannunsa. Jemagun da ke rataye a itatuwan gidan zu kusa da kasuwar Kejetia ma, shekara da shekaru ina wuce su ina tsaki, sai da wannan kyamarar na san fuskarsu kamar ta ɗan kwikwiyo take.

Duk waɗannan da rana tsaka ne. In ka zuƙo har ƙarshe ƙofar hasken lensin tana tsukewa zuwa f/6.4, sannan bugun zuciyarka ma sai ya girgiza hoton. Na koyi jingina da bango ko ɗora gwiwar hannu a kan mota, in riƙe numfashi, in ɗauki biyar don in sami ɗaya. Lokacin hunturu kuwa hazon da ke tsakaninka da abin shi kake zuƙowa, hoto ya fito fari-fari kamar an wanke shi da ruwan koko.

Akwai wani amfaninta da ba a rubuta a kwali ba. Ba wanda ke jin tsoronta. In na rataya babbar na shiga Kejetia, kafin in yi taku goma wata mai tumatir ta ɗaga murya tana tambayar gidan talabijin ɗin da ya aiko ni, wata ta ce sai na biya. A gidan biki kuma da an gan ta sai kowa ya gyara zama, a daina dariya, a haɗe rai kamar hoton fasfo. Ƙaramar kuwa abin wasan yara ake ɗaukar ta. Sai dai in ja kunnen samari a nan: don kyamararka tana hango ƙetaren titi ba shi ne izinin ɗaukar matan mutane ba su sani ba. Na ga wanda ya sha mari a Alabar kan haka, kuma ban ba shi haƙuri ba.

Babbar kuwa, daren farko da na fita da ita na san inda kuɗina ya tafi. Maulidi ne a wata makaranta a Asawase, a waje, ƙwan lantarki uku a rataye a jikin kanofi. Na ɗaura mata lensi mai milimita 50 da ke buɗewa har f/1.8, na kai ISO, wato ƙarfin jin hasken farantin nan, zuwa 6400. Wani yaro ɗan shekara bakwai yana rera ƙasida, ido a rufe, jijiyar wuya a miƙe. Hoton ya fito tsaf, gumin goshinsa yana ƙyalli, jama'ar da ke bayansa sun narke sun zama launi kawai. A ƙaramar, da na wuce ISO 800 tsakin nan ya fara bayyana. Babbar tana kuma kama idon mutum da kanta ta bi shi, abin da ya cece ni da yawa wurin yaran da ba sa tsayawa wuri ɗaya. Kuma akan kashe ƙarar ɗaukarta gaba ɗaya, don haka a wurin addu'ar bakwai na ɗauki malamai ba wanda ya waigo.

Inda ta fi burge ni shi ne abin da masu sharhi na Turai ba su cika damuwa da shi ba, wato baƙar fuska a cikin farar shadda. Ranar sallah a harabar babban masallacin Kumasi, wanda aka sake buɗewa a 2023 bayan gyara, kowa ya sha farin kaya rana kuma ta take. Ƙaramar dole ta zaɓi ɗaya: ko ta gyara fuska riga ta ƙone, aikin wuyan da aka biya tela kuɗi mai yawa ya ɓace, ko ta gyara riga fuska ta zama inuwa. Babbar, in ka ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, sai ka auna hasken da rigar, daga baya a kwamfuta ka ɗago fuskar, ta taso da launinta na gaskiya ba toka-toka ba. Haka in jan kanofi ya rina fuskar amarya, ana gyarawa cikin minti ɗaya. Ƙaramar ma tana ɗaukar RAW, amma da ka fara jan inuwarta sai hoton ya wargaje.

To amma tsugune ba ta ƙare ba. Ranar da ka sayi babbar, ranar ka buɗe wa aljihunka ƙofa. Lokacin da ta fito a 2018 dala 2,000 ake sayar da gangar jikinta kawai, ba lensi, ita kuwa ƙaramar ba ta kai dala 500 ba da ta fito a 2019. Ni ta hannu na saya da lensin da ke zuwa da ita mai 28 zuwa 70, ban yi wata ba na ga bai ishe ni cikin ɗaki ba na ƙaro mai 50. Sai katin memori biyu, don ramin kati biyu gare ta, kuma mai ɗaukar bikin mutane bai kamata ya dogara da ɗaya ba. Sai ma'ajiyar hotuna ta waje, don kowane RAW ya haura megabait 20. Na so in yi wayo na sayi batirin gwangwan a wani shago, wata biyu ya kumbura har sai da na sa filaya na zaro shi. Batirinta na asali kam yana kai ni tun ɗaurin aure har yamma, ba ruwana da ɗauke wuta.

Ƙura ma ta koya mini hankali. A watan Janairu na tsaya bakin titi na canza lensi, iska na kaɗawa, keken pragya na wucewa. Da yake ba ta da madubi a ciki, da ka cire lensi farantin nan a tsirara yake. Duk hoton da na ɗauka ranar akwai ɗigo huɗu a sararin sama, wuri ɗaya ba sa motsi. Yanzu ba na canzawa sai cikin ɗaki ko mota, bakin kyamara na kallon ƙasa, kuma 'yar robar hura iska ba ta barin jakata. Da damina kuma sai fargabar funfuna, don laimar Kumasi tana shiga cikin gilashin lensi ta yi saƙa kamar ta gizo. A cikin robar abinci mai murfi nake kwantar da su tare da ƙullin silika. Nauyi kuwa, jikinta kaɗai giram 650 ne, da lensi da jaka sai ka yi shawara da kanka kafin ka fita da ita. Sau da yawa shawarar takan ƙare da barin ta a gida.

Ga gaskiyar da nake gaya wa samari ko ba su so. In hotonka a WhatsApp zai ƙare, manhajar matse shi take yi, rabin bambancin nan ba wanda zai gani. Kuma wayar da ke hannunka ta riga ta cinye rabin aikin 'yar aljihu, har cikin duhu takan fi ta, don wayoyin yanzu hoto da yawa suke ɗauka su haɗa su zama ɗaya. Abin da ya rage wa ƙaramar shi ne nisa. In kai mai zuwa filin Baba Yara ne kallon ƙwallon Kotoko, ko mai son tsuntsaye a Owabi, ko za ka Mole ganin giwaye, saye ta ba asara. Akwai ta tsakiya irin Sony RX100 VII mai faranti ɗan girma da zuƙo zuwa 200, amma kuɗinta ya kusa na babbar ta hannu, ni dai ban ga dalili ba.

Ni da na zauna na duba hotunan da nake komawa ina kallo, kusan duka a cikin ɗaki ne ko ƙarƙashin kanofi ko bayan isha'i, tsakanina da mutumin taku uku. Rayuwarmu ta Zango a nan take faruwa. Shi ya sa da kuɗin makarantar yara ya taso dole in rabu da ɗaya, ƙaramar na sa a kasuwa, kuma kwana biyu aka saye ta.

Kafin nan na koma Aboabo da babbar, ɗakin nan dai, tagar nan dai, na ɗan ɗage labule kawai. Yaron ya yi wayo, ya kama carbin Kaka yana ja tana riƙe da ɗaya gefen. Na wanke hoton inci 12 a 18 na sa a firem na kai mata. Ta daɗe tana kallo, ta sa yatsa tana bin tsagar kumatunta, sannan ta ce, "Kai ɗan nan, wannan abin naka ba shi da kunya, ko furfura ɗaya bai rufa mini ba." Ta sa aka rataye shi saman gadonta.

Akwasidae da ya wuce na sake zuwa Manhyia, da babbar da lensi mai 50, a can baya inda na saba tsayawa. Na dawo da hoton ƙeyar wani mutum mai sanƙo, ta fito tsaf har ana ƙirga gashin da ya rage, can gaba kuma laima ja.