Dakare da soja ba ɗaya ba ne: kalmomin yaƙin 1903

Malama, kin ce ɗalibanki na karanta ƙagaggen labari kan zuwan Turawa, suna ta cakuɗa dakare da soja, sansani da bariki, kina tambaya ko duk abu ɗaya ne. A'a. Ki raba allo gida biyu: rundunar sarakuna a dama, ta Gwamna Lugga a hagu.

Dakare mayaƙin ƙasa ne marar doki, riƙe da kwari da baka, ko takobi da garkuwa. Takwaransa na kan doki shi ne barde. Soja kuwa ɗan albashi ne mai kaki da fareti, sama da shi akwai kofur, saje, samanja, sannan hafsa Bature. Labaran rediyo ne suka saba mana da kiran sojoji dakaru, shi ya sa yaran suka ruɗe. Kada ki ɓoye musu cewa da yawan sojojin nan Hausawa ne, abin da ciwo amma haka yake.

Sansani ana kafa shi a tashi, bariki kuwa zama ne na dindindin a bayan gari.

Inda nake so ki daɗe shi ne wajen kayan yaƙi. Sulke riga ce ta ƙananan zobban ƙarfe, lifidi kuma tufa ce mai kauri da aka cusa wa auduga aka ɗinke, tana rufe doki da mahayinsa. Duk wanda ya kalli hawan salla ya ga 'yan lifida. Sulke da lifidi, don tare kibiya aka yi su. A ɗaya gefen akwai igwa, wadda Kanar Morland ya fuskanci ganuwar Kano da ita ranar 3 ga Fabrairu, da bindiga mai ruwa, wato Maxim. Sunan ba ado ba ne: ruwa ake zubawa a kewayen bututunta don kada ya yi zafi, tana aman harsashi kusan 600 a minti guda. Ɗan bindigar sarki kuwa sai ya ɗura albarushi ta baki kafin kowane harbi.

Idan yaro ya riƙe wannan bambanci, zai gane dalilin da ya sa mahayan Sarkin Musulmi Attahiru suka kasa isa ga layin sojoji a Giginya, kusa da Sakkwato, ranar 15 ga Maris, da yadda aka kashe Attahiru a Burmi ranar 27 ga Yuli.