Gargaɗi ga masu iyayen da ke sa na'urar ji: a kula da wani mai talla a WhatsApp

Assalamu alaikum jama'ar Makka da Jidda. Akwai wani mutum da ke yawo a rukunonin WhatsApp ɗinmu da saƙon murya, bakinsa kamar zuma, yana tallan wata 'yar na'ura da ake maƙalawa a wuyan riga. Wai da ita mai na'urar ji zai riƙa jin kiran waya kai tsaye a kunnensa, ko wane kamfani ne ya ƙera tasa. Sharaɗinsa a tura riyal 400 tukuna. Don Allah kada kowa ya tura masa ko halala ɗaya.

Wata maƙwabciyarmu a Shari'ul Mansur da ke Makka ta saya wa mahaifinta don ya riƙa jin muryar jikokinsa da ke Kano. Kwali ya iso babu sunan kamfani, babu garanti, babu fatura, wato rasit. A ciki ɗan Bluetooth ne irin wanda ake sokawa a rediyon mota. Ya haɗu da wayar Baba, shuɗiyar fitila na ƙyaftawa, dattijo ya karkata kai yana ta "Na'am? Na'am?", amma ko ƙis bai shiga kunnensa ba. Da ta kira mai tallan, lamba a kashe. Cutar tsohon da ji kawai yake nema, wannan rashin imani ne.

Irin waɗannan na'urori akwai su da gaske, sai dai kowacce da gidanta: ComPilot na Phonak ne, ConnectClip na Oticon, Phone Clip+ na ReSound, kuma ko a kamfani ɗaya ba kowane samfuri suke kamawa ba. Abin da ke aiki da kamfanoni daban-daban shi ne igiyar da ake ratayawa a wuya, ita ma sai na'urar jin tana da T-coil, wato ɗan abin da ke cikinta mai karɓar sauti daga igiyar. Wasu na'urorin jin ma ba sa buƙatar ƙarin komai, domin tun 2014 akwai masu haɗuwa da iPhone kai tsaye, daga baya kuma har da wasu wayoyin Android.

Ku koma inda aka auna kunnen, a yi kiran gwaji a gabanku kafin ku biya, ku karɓi fatura.

Mai tallan ya san wasunmu na tsoron kai ƙara saboda matsalar iƙama, wato takardar izinin zama, da wannan yake fakewa. Wanda abin ya shafa ya adana hoton tura kuɗin da saƙon muryar, ɗan'uwa mai takardu ya taya shi kiran Ma'aikatar Kasuwanci a 1900.