Na biya an rubuta mini bidiyon talla: abin da na gani a hannun wasu matasa a Katsina

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina sayar da shadda da yadi da huluna a Babbar Kasuwar Katsina, kuma a tsawon wannan lokaci bakina bai taɓa ba ni kunya a gaban mai saye ba, sai ranar da ƙanena ya ɗaga waya ya saita ta a fuskata, ya ce in yi bayanin kayana. Na yi sallama, na gaida iyayenmu da malamanmu da abokan ciniki na nesa da na kusa, na faɗi sunan shago da layin da yake, na yi wa jiha da ƙasa addu'ar zaman lafiya, ko da na kai hannu zan ɗauko shaddar farko, minti ɗaya da rabi ya riga ya wuce. Muka ɗora bidiyon a Facebook da TikTok, ya kwana bakwai, amma waɗanda suka kalle shi har ƙarshe ba su wuce 'yan gidanmu ba. Wannan ne ya kai ni wani ƙaramin ofishi da ke wajen Ƙofar Ƙaura, inda wasu matasa uku suke rubuta wa 'yan kasuwa abin da za su faɗa a bidiyo, abin da su suke kira sikirif. Na yi wata huɗu ina hulɗa da su, da kuɗina na biya, don haka ina ganin na isa in faɗi yadda aikinsu yake.

Ofishin ɗaki ɗaya ne, da tebur da kwamfuta biyu da fitila mai zobe a kusurwa. Naira 30,000 suka karɓa a kan rubutu huɗu, tare da alkawarin gyara kowanne sau biyu ba tare da ƙarin kuɗi ba, ɗauka da tacewa kuwa kuɗinsu daban. Na ɗauki rubutun kaɗai, saboda ƙanena ya iya riƙe waya, kuma yana tace bidiyo da manhajar CapCut daidai gwargwado.

Abin da ya fara burge ni shi ne ba su zauna a ofis sun ƙago mini magana ba. Babbansu, wanda ba zai wuce shekara ashirin da bakwai ba, ya zo shagon da hantsi riƙe da ƙaramin littafi, ya zauna a ƙarshen benci, ya ce, "Alhaji, ka manta da ni, ka ci gaba da cinikinka." Har aka kira azahar yana nan, duk wanda ya shigo ya yi tambaya sai ya rubuta ta, idan wani ya maimaita ta sai ya ja layi a gabanta. Bayan mun dawo daga masallaci ya buɗe mini littafin, sai ga tambaya uku sun cinye layukan: "Tana zuba?" da "Yadi nawa zai ishe ni?" da "Nawa ne gaskiyarta?" Ya ce waɗannan su ne bidiyona uku na farko, na huɗun kuma za mu same shi idan azumi ya matso. Na yi dariya, domin tambayoyi ne da nake amsawa sau ashirin a rana har na daina jin su, amma ban taɓa tunanin cewa su ne abin da mai riƙe da waya a Funtuwa ko Malumfashi yake son ya ji ba. A ganina wannan zama na rabin yini shi ne ainihin abin da na saya, duk sauran aikin a kansa aka gina shi.

Bayan kwana uku suka kawo rubutun farko a takarda ɗaya da aka raba gida biyu, ɓangare ɗaya abin da ido zai gani, ɗaya ɓangaren abin da baki zai faɗa, an kuma rubuta daƙiƙoƙi a gefe. Duka kalmomin ba su kai tamanin ba. Da na yi ƙorafin cewa naira dubu bakwai da ɗari biyar ta yi yawa a kan kalma tamanin, sai ya miƙa mini takardar ya ce in karanta da ƙarfi, ya danna agogon wayarsa, muka tashi da daƙiƙa talatin da biyar. Ya bayyana mini cewa tun da WhatsApp ya fito da sitatus a 2017 aka daɗe bidiyonsa ba ya wuce daƙiƙa talatin, sai a 2024 aka ƙara shi zuwa minti ɗaya, kuma yawancin masu saye na a nan za su fara ganina kafin ko'ina. Ya ƙara da cewa tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, mutane sun ƙara lissafin datarsu, ba wanda zai ƙona ta yana sauraron jerin gaisuwa. Wannan magana ban iya musa ta ba, domin ni kaina yatsana ba ya tsayawa a kan bidiyon da bai nuna mini inda ya dosa ba.

A nan ne muka yi saɓani mafi tsawo, kuma shi ne wurin da na fi ganin hankalinsu. Suna da abin da suke kira ƙugiya, wato abin da za a gani ko a ji a daƙiƙa uku na farko wanda zai hana mai kallo wucewa, kuma a rubutunsu an cire sallama gaba ɗaya, an fara kai tsaye da cewa, "Kafin ka biya kuɗin shadda, yi mata wannan gwajin." Na ce masa, "Ɗana, ni Bakatsine ne, ba zan shiga wayar mutum ba sallama kamar wanda ya haura katanga." Bai yi gardama ba, ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "To Alhaji, ka yi sallamar, amma ya zamana hannunka yana cikin ruwan." Haka aka yi. Bidiyon yana buɗewa da farar roba cike da ruwan sabulu, hannuna yana murza ƙyallen shadda mai ruwan bula a ciki, bakina yana cewa salamu alaikum, sannan in ɗago ƙyallen in matse shi a kan farin hankici, in nuna hankicin kusa da waya yana nan fari fat. Daga nan sai jimla biyu a kan yadda za a gane shaddar da ke zuba, sai farashi a fili, sai umarni guda ɗaya tak a ƙarshe, wato a turo saƙo da kalmar "bula" ga mai so. Sun hana ni cewa a danna nan, a tura wa 'yan uwa, a bi shafi, a kuma kira waya duk a numfashi ɗaya, saboda a cewarsu wanda aka ba aike huɗu a lokaci guda ba ya kai ko ɗaya.

Batun faɗin farashi a fili ya ɗan ɗaure mini kai da farko, domin al'adarmu ita ce a yi sallama, a taya, a ce albarka, a ja har a daidaita, kuma maƙwabtana na layi sun ce na tona asirin kasuwa. Amma na lura cewa waɗanda suka turo saƙo bayan sun ji farashi ba sa ɓata lokaci, tambayarsu ɗaya ce, ta wace mota za a aiko. A makon farko na kai saƙo tasha sau shida, zuwa Daura da Dutsin-Ma da Funtuwa, har da wani da ke Abuja wanda ya ce kewar gida ce ta sa ya tsaya da ya ji harshena.

Harshen nan kuwa sai da na yi yaƙi a kansa, kuma a nan aibinsu na farko yake. Rubutunsu cike yake da irin maganar da matasa ke yi a TikTok, rabi Hausa rabi Turanci, wadda ta dace da mai sayar da takalman yayi amma ba ta dace da mutum mai furfura da ke sayar wa magidanta kayan Sallah ba. Da na gwada karantawa a gida, uwargida ta tambaye ni ko waƙa nake koyo. Na mayar musu, suka gyara, amma a rubutu na biyu sai ga irin kalmomin sun sake dawowa, alamar cewa suna da wani tsohon zubi da suke zuba kowa a ciki. Daga baya dabarar da muka yi ita ce in faɗi abin da nake so da bakina a saƙon murya, su kuma su datse su jera, su bar mini kalmomina yadda muke faɗarsu a nan. Tun daga nan bidiyon ya zama ni ne nake magana, ba wani ya aro bakina ba.

Aibi na biyu ya fi wannan nauyi. A rubutun da ya shafi farashi sun saka cewa shaddata ita ce mafi arha a duk Arewa, sun kuma kira wata shadda 'yar Sin da nake sayarwa da sunan gezna. Duk wanda ya san wannan sana'a ya san cewa Getzner kamfani ne na ƙasar Ostiriya, kayansa suna da farashinsu da tambarinsu, kuma kasuwa cike take da masu kwaikwayonsa. Ina sayar da ta asalin, ina sayar da mai sauƙin kuɗi, kowacce da sunanta nake kiranta. Da na nuna musu, sai ɗayansu ya ce ai kowa haka yake yi a intanet. Na gaya masa cewa ban da haramcin algus da muka taso muna ji, dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta hana yaudarar mai saye da bayanin ƙarya a kan kaya, kuma ranar da wani ya kai ɗinki tela ya gaya masa gaskiya, ƙofar shagona zai zo, ba ofishinsu ba. Sun cire, sun ba da haƙuri, amma ya kamata duk mai ba su aiki ya karanta kowane layi da idon wanda za a tambaya gobe.

Sai kuma saɓa lokaci. Rubutu na huɗu shi ne mafi daraja a wurina, domin an gina shi a kan abin da kowane magidanci ya sani, cewa da azumi ya yi nisa teloli suke rufe karɓar ɗinki, don haka mai son ya fita kallon hawa a Ƙofar Soro da sabbin kaya sai ya sayi yadinsa tun cikin Sha'aban. Ƙugiyar da suka rubuta ta yi kyau ƙwarai: almakashi yana cikin yanka, murya tana cewa, "Telanka ya kusa cewa ya rufe." Amma sun yi alkawarin kawo shi mako biyu kafin azumi, bai iso ba sai ranar shida ga watan azumi, lokacin da rabin amfaninsa ya tafi. Sun karɓi aiki fiye da ƙarfinsu, kamar dai telolin da muke magana a kansu.

Akwai kuma wani tayi da suka yi ta maimaita mini, na in shiga tsarin biyan wata-wata domin su buɗe mini tasha a YouTube, wai nan gaba kamfanin zai riƙa biyana. Na sa ƙanena ya duba sharuɗɗan, ya ce kafin a fara raba kuɗin talla da mai tasha sai ya tara mabiya 1,000 tare da sa'o'in kallo 4,000 cikin wata goma sha biyu, ko kuma gajerun bidiyonsa su samu kallo miliyan 10 cikin kwana 90. Wannan sana'a ce mai zaman kanta, ta wanda ya ba ta dukkan lokacinsa. Ni shadda nake sayarwa, kuma mutum ɗari uku na gaske da ke Katsina da kewaye, masu ɗinka kaya sau biyu ko uku a shekara, sun fi mini amfani a kan dubban da za su kalla daga inda mota ba ta kai saƙo. Na lura matasan sun fi murna da yawan kallo, ni kuwa littafin ciniki nake dubawa, kuma sau biyu bidiyon da ya fi ƙarancin masu kallo, wanda na yi bayanin cewa yadi biyar kan ishi babban mutum riga da wando, goma kuma idan da babbar riga, shi ya fi kawo masu saye.

Ga wanda yake da kaya masu kyau amma harshensa ke sarƙewa a gaban waya, ko yake da doguwar shimfiɗa irin tawa, kuɗin nan ba asara ba ne, da sharaɗin ya nemi su zo wurin sana'arsa su zauna, ya ƙi karɓar kalmar da ba zai iya faɗa a gaban mahaifinsa ba, ya kuma rubuta ranar kawo aiki a takarda tare da riƙe rabin kuɗi har sai an kawo. Wanda kuwa ya riga ya iya jera magana a taƙaice, rubutu biyu sun ishe shi ya gane zubin ya ci gaba da kansa. Ni ban shiga tsarin wata-wata ba, amma na sake ba su aikin rubutu biyu na huluna saboda Sallar Gani ta Daura, kuma a wannan karon na biya rabi, na gaya wa babbansu cewa ragowar tana cikin aljihuna har ranar da takarda ta iso shago.