Sabbin takardun naira: an sauya launi, an bar fuskoki

Takardun naira 200, 500 da 1000 da suka fara yawo a Disambar 2022 kusan launinsu ne kawai ya sauya, domin Sardauna Ahmadu Bello da Azikiwe da tsoffin gwamnonin Babban Bankin Najeriya, Aliyu Mai-Bornu da Clement Isong, suna nan daram. Na yaba da yadda aka bar rubutun ajami a jikinsu, wanda aka cire daga ƙananan takardu a 2007, tunda da shi dattawa da yawa ke gane kuɗinsu. Amma ya dame ni ƙwarai cewa har yanzu Ladi Kwali, shahararriyar mai ginin tukwane, ce kaɗai macen da aka karrama da suna, a bayan naira 20, alhali tun 2012 aka so sanya Hajiya Gambo Sawaba a takardar naira 5000 da ba ta fito ba.